Malama Leah da Darasin Kewaye

Malama Leah 'yar Dabai ce, amma aikin koyarwa ya kai ta wani ƙauye a bayan Bena, inda ta daɗe tana riƙe da aji huɗu. Mijinta Dominic soja ne, yana can arewa maso gabas, sai ya samu hutu ake ganinsa. A ƙauyen an san ta da hali ɗaya: ba ta yarda yaro ya haddace lissafin da ƙafarsa ba ta taka ba. Idan aka zo darasin kewaye, sai ta fita da aji waje, ta kafa turaku huɗu, ta ba su igiya su bi gefe-gefe suna awo har su dawo inda suka fara.

"In gefe huɗun duk ɗaya ne, ku auna guda ku ninka sau huɗu," takan ce. "In kuwa akwai tsawo da faɗi, ku haɗa su ku ninka sau biyu. Amma ku fara zagawa tukuna."

Suna cikin wannan darasi wata safiya, dawa ta fara fitar da kai, aka jiyo ƙugin babura daga daji. Yaran da ke kusa da ita ta kora su cikin gona suka kwanta. Gladys kuwa, yarinyar da ta tura turke mafi nisa ta riƙe bakin igiya, ba ta samu gudu ba. 'Yan bindiga suka tafi da ita. Sai bayan girbi aka sako ta, iyayenta suka kai ta wurin dangi a Kwantagora, ba ta sake komawa makaranta ba.

Da aka rufe makarantar ƙauyen, aka mayar da Malama Leah wata firamare a cikin garin Zuru. Ajin a cike yake maƙil, da yawan yaran 'ya'yan waɗanda suka gudo daga Kanya da Wasagu. A kan allo take zana komai yanzu, ƙofa a rufe. Yaran suka riƙa rikita kewaye da girman fili, suna ninka tsawo da faɗi inda ya kamata su haɗa.

Hedimasta, Malam Lukuman, ya kira ta ofis.

"Malama Leah, an ba ni labarin yadda kike koyar da wannan darasi a da. Ga filin ƙwallo nan. Ki gwada mana."

"Yallaɓai, filin ba shi da katanga."

"Nan cikin gari ne. Ni kaina zan tsaya tare da ku."

Ta amince, ba don ranta ya so ba. Ta kafa turakun kusa-kusa, yadda hannunta zai kai ga kowane yaro. Awo ya fara tafiya daidai, har wata yarinya mai suna Amatullah ta gano da kanta cewa gefe biyun da ke fuskantar juna tsawonsu ɗaya ne. Ana cikin haka wasu 'yan acaɓa suka wuto a jere ta bayan makaranta.

"Ku kwanta!" Malama Leah ta ƙwalla ihu.

Yaran ƙauye suka zube ƙasa nan take, fuska cikin ciyawa. 'Yan gari suka fashe da dariya, sannan suka ga malamarsu ba da wasa take ba, suka daina. Wani yaro ɗan Wasagu ya ƙi tashi, sai da hedimasta ya ɗauke shi cak.

Tun daga ranar Malam Lukuman ke fita da yaran filin da kansa. Ita kuma a cikin aji take sa su auna tebur da ƙyauren ƙofa da gilashin taga, kuma yawancinsu sun gane lissafin. Dominic ya yi mata waya ya ce ta ajiye aikin ta koma Dabai wurin mahaifiyarsa ta huta. Ta ce masa ya bari a gama zangon karatu tukuna, za ta yi tunani.