Majo Hindu da Dosiyen Luba

Ƙarfe bakwai saura kwata Majo Hindu take sauka daga babur ɗin haya a bakin asibiti. Takan gaisa da mai gadi da Fulatanci, ta gaisa da likita da Faransanci, mu kuwa 'yan'uwanta Hausawa ta ajiye mana Hausa don faɗa. Majo muke kiran shugabar nas-nas a nan Garwa, ita kuwa shekara ashirin da ɗaya ta yi tana riƙe da ɓangaren yara. Ta zagaya gadaje, ta karɓi aiki daga hannun masu sauka, ta taɓa goshin kowane yaro da bayan hannu ko da an riga an rubuta zafin jikinsa. Wannan duka aikin kowace majo ne. Abin da ya raba ta da saura shi ne kabad ɗin ƙarfen da ke bayan ƙofar ofishinta.

A cikinsa akwai dosiye, wato fayil, koraye na kwali, kowane da sunan nas guda a goshinsa. Duk ranar Alhamis bayan azahar sai ta buɗe kabad, kowa ya ɗauki nasa ya zauna minti goma sha biyar. Abu huɗu ake rubutawa: me na yi a makon nan, me na koya, ina na yi kuskure, wa ya shaida. In an je taron bita an samo takardar shaida, a nan take kwana. In likita ya koya wa nas wani aiki har hannunta ya faɗa, sai ya rubuta layi biyu ya sa hannu kafin a yi masa canji ya manta da ita.

Ni Muntaka ni ne akawun asibitin a lokacin, hatimi a hannuna yake. In faɗi gaskiya, ban taɓa murnar ganinta a bakin ofishina ba. Tana zuwa da takardu kamar ashirin, ta tsaya a kaina, ba ta zama, ba ta kuma tafiya. In na ce ta dawo gobe, sai ta ce, "Akawu, goben taka ce ta hana ka aure da wuri." Sai in buga mata don in huta.

Nas-nas ɗin ma ba so suke ba, musamman namu na arewa. An raine mu a kan yabon kai jahilci ne, mai aikin kirki shiru yake yi, Allah ya gani. Na ji wata ta faɗa mata haka a gabana. Majo ta ce, "Allah ya gani, ban musa ba. Amma mutanen Yawunde ba su gani ba, kuma kunyarki ba ta shiga ambulan."

Daga baya Rosalie, nas ɗin da suka fara aiki tare da Majo, ta gaya mini inda abin ya samo asali. A shekarar 1991 an kira Hindu Yawunde, babban birninmu, neman gurbin ƙarin karatu. Shekara biyar ta yi tana taya wani baƙon likitan yara aiki, har akwai abin da take yi da hannunta shi yana kallo. Da aka ce ta kawo shaida, likitan ya koma ƙasarsu, rajistar shekarun kuwa gara ta gama da ita a sito. Ta dawo hannu Rabbana. Bayan nan ƙasa ta shiga matsi, aka rufe ƙofofin karatu shekara da shekaru, kafin a sake buɗewa shekarunta sun wuce. Rosalie ta ce ba ta taɓa jin ta yi zancen ba, sai dai watan da ya biyo baya aka ga ta sayo kwali kore.

Cikin duk waɗanda suka bi ta hannunta, labarin Luba na fi sani, don a gabana aka yi rabinsa. Luba 'yar Malam Ilyasu ce, mahaucin da ke gasa soya, wato tsire, a unguwar Yelwa. Ta yi shekara tara a wani ƙaramin asibiti kusa da Pitowa kafin a dawo da ita wurin Majo. A 2009 wata ƙungiya mai tallafa wa asibitoci ta ba da gurbi uku, arewa gaba ɗaya, na koyon aikin sa barci a ɗakin tiyata. Sharaɗi: kada a wuce shekara talatin da biyar, a kawo dosiyen aiki cikin mako uku, sannan a je hirar tantancewa a Yawunde. Luba tana da talatin da huɗu. In wannan ta wuce ta, babu wata.

Shekara ukun da ta yi a Garwa suna cikin kabad, ba ko ɗigon da ya ɓata. Taran Pitowa kuwa ta ce suna gida, cikin kwali a ɗakin zaure. Ta je ɗaukowa, ta dawo da takarda biyu a hannu, idonta ja. Ɗayar ma mai ya ratsa ta, tana ƙamshin yaji.

Majo ta yafa mayafi a kan farar rigarta suka tafi, ni ma na bi su don hanyar gidana ce. Muka sami Malam Ilyasu yana jera tsinke.

"Malam Ilyasu, ina takardun yarinyar nan?"

"Hajiya, wallahi ban sani ba ashe masu amfani ne. Makon Salla takardar simintin da nake ƙunshe nama da ita ta yanke mini, ga mutane a tsaye. Na ga kwali shekara uku ba wanda ya taɓa. Kuma masu kauri ne, ba sa yagewa."

"To, masu kaurin nan su ne karatun 'yarka."

Ya ajiye tsinken. Can ya ce, "Da ta gaya mini." Luba ta ce, "Baba, ni ma ban ɗauke su a bakin komai ba." Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ciwo.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, Majo ta bar hutunta suka shiga motar haya ita da Luba. Suka zauna a ƙasa cikin siton ƙaramin asibitin suna buɗe tsofaffin rajista, shafi bayan shafi, suna fitar da duk haihuwar da Luba ta karɓa da duk rigakafin da ta fita. Lahadi biyu suka yi a haka. Suka nemo tsohon shugaban wurin, Malam Goni, a gonar audugarsa, ya wanke hannu ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Majo ta bi waya ta samo kwafin takardun bita huɗu daga cikin bakwai. Ukun sun tafi da soya, ba su dawo ba. Komai ya zo teburina, kuma a karo na farko na buga hatimi ba tare da an yi mini gori ba.

Saura abu ɗaya. A cikin dosiyen akwai wani shafi da Luba ta rubuta da hannunta shekara biyu kafin nan. Ranar ce da yamma ɗaki ya cika, sikeli yana wani ɓangaren, ta kimanta nauyin wata yarinya da ido ta haɗa mata ruwan kinin. Ruwan bai yi nisa ba zuciyarta ta ƙi kwanciya, ta tsayar, ta ɗauko sikeli, ta tarar ta zarce ƙima sosai. Ta kira likita, ta faɗi abin da ta yi. Yarinyar ta warke. Tun ranar sikeli yake bakin ƙofar ɗakin, ba a ba da aronsa.

Da safen da za ta kama hanya, Luba ta kawo dosiyen ofishina a ɗaure. Majo ta kwance, ta juya, ta ɗago kai.

"Ina shafin kinin?"

"Majo, mutum ba ya kai kansa ƙara. Gurbi uku ne fa, kuma ga takarduna ba su cika ba."

"Mayar da shi."

"In suka kore ni a kansa fa?"

"In suka kore ki a kansa, na cuce ki, kuma zan faɗa a gaban kowa. Amma ni ba na sa hannu a dosiyen da babu kuskure a cikinsa, don na san ƙarya ne."

Ni dai a zuciyata na goyi bayan Luba. Na ga kamar tsohuwar ta ɗauki damar yarinya ta ƙarshe tana gwada aƙidarta da ita. Luba ta zaro shafin daga jakarta, ta mayar, ta fita ba sallama. Majo ta daɗe a tsaye bakin taga, ranar kuma ba ta yi wa kowa faɗa ba.

Abin da ya faru a Yawunde daga bakin Luba na ji. Mutum uku ne a tebur. Ɗayansu ya ɗaga takardar nan mai mai, ya tambayi abin da ya same ta, ta ce babanta mahauci ne, aka yi dariya. Sai wata dattijuwar likita da ba ta yi dariyar ba ta tsaya a shafin kinin, ta karanta har ƙasa. Duk sauran hirar a kansa aka yi: yaushe kika gane, me kika fara yi, wa kika gaya wa, me kika canja. A ƙarshe ta ce a aikin sa barci kowa yana kuskure, wanda yake ɓoyewa shi ne yake kashe mutum. Ba ta ce an ɗauke ta ba, ba ta ce ba a ɗauke ta ba.

Mako biyar aka yi ana jira. Takardar ta ofishina ta biyo, sunan Luba ne na biyu cikin ukun. Na ɗauka da kaina na kai ɓangaren yara, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Majo ta karanta, ta ce, "A yi kwafi a sa a dosiye." Da la'asar Malam Ilyasu ya aiko mata da ƙunshin soya mai zafi. Kafin ta ɗauki ko yanka ɗaya, sai da ta juye naman a faranti ta duba takardar ciki da baya.

Yau Luba ce ke sa barci a ɗakin tiyata a Meiganga. Ba ita kaɗai ba ce: akwai wanda yake koyarwa a makarantar nas, akwai wadda ta zama majo a Marwa, kuma an ce duk inda suka je sai an ga kwali kore.

A watan jiya Majo Hindu ta ajiye aiki bayan shekara talatin da uku. Wanda ya gaje ni ya kira ni in taya shi haɗa takardunta. Muka buɗe kabad, dosiye arba'in da shida, babu mai sunanta. A ofis kuwa abin da aka samu bai wuce takardar ɗauka da ta canjin wuri da ta zama majo ba. Wanzami ba ya son jarfa. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Nawa ya rufe tun casa'in da ɗaya, Akawu. Wa zan kai wa?" Na yi shekaru ina jin haushin matar nan, amma ranar ta ba ni tausayi.

Majo, ke ce kika hana ƙofar da aka rufe miki ta rufe wa na bayanki. Ke ce kika koya wa masu kunya su rubuta aikinsu ba tare da sun zama masu fariya ba, su rubuta kuskurensu ba tare da sun mutu don kunya ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu riƙe da na ƙasa da ku, a asibiti ko a makaranta, kwali ba shi da tsada, minti goma sha biyar ba ta hana aiki. Ku sa su rubuta tun masu shaida suna kusa.

Hatimi ba ya hannuna yanzu, amma na sayo kwali kore na rubuta sunanki a goshinsa, wannan rubutun shi ne shafin farko. Na san abin da za ki tambaya kafin ki karɓa. Juya bayan takardar. Luba ta zo daga Meiganga ranar Asabar, ta karanta, ta sa hannu.