Takardar da Ta Cinye Burtalolin Baffa

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara fuɗu na yi ina hawan mashin daga Tambuwal, inda nake koyarwa, zuwa rugarmu a Kebbe, ramukan hanya na neman cire mini ƙugu, don mahaifina Baffa ya faɗa in rubuta tun mantuwa ba ta gama cin ƙarfinsa ba. Burtalolin da ya bi da shanu, mashaya, saiwar da ake jiƙa wa saniya in cikinta ya kumbura. Duk na zuba su a kwamfutata, ban ajiye ko'ina ba. Wannan wautata ce, na amsa.

Ran nan hedimastanmu ya shigo ofis, waya a hannu. Wai an turo masa takardar ƙarin girma ta ƙi buɗuwa, in buɗe masa a kwamfutata. Ina buɗewa sai ga saƙo a sama, wai in ba takardar izinin yin aiki. Na tsaya, ban danna ba. Mai gyaran kwamfuta ya sha ja mini kunne cewa irin waɗannan ba rubutu kaɗai ke cikinsu ba, ana cusa musu umarni a ɓoye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban yarda da ita ba."

Ya ce, "Ɗiyata, mi kike tsoro? Takarda na cizo? Danna mana."

Sa'an ubana ne, ga malamai sun zuba ido. Mu da aka yi wa tarbiyya ba a musu da babba, ya zan yi? Na danna.

Kafin azahar duk abin da ke cikin kwamfutar ya kulle, har da rubutun Baffa. Ƙarin girman ma ƙarya, tarkon ɓarayi ne.

Mai gyara ya juya, ya juya, ya ce sai haƙuri. Wai masu ƙera manhajojin nan suna can suna maka juna kotu kan wa ya mallaki salon tsara takarda. Ka ji mini! Suna da lokacin rigima kan mai ƙofa, ba su da lokacin sa mata sakata. Hedimasta kuwa cewa ya yi ƙaddara ce. Ƙaddarar da aka tsaya mini a ka aka ce in danna? Wallahi ban huce ba.

Ranar Asabar na tafi Kebbe da littafi da biro. Na durƙusa na ce, "Baffa, mu sake daga farko, daga mashayar nan ta yamma."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi ya ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Ɗiyar wa ce?"