Tsintsiyar Kwana ta Biyar

Ranar Juma'a ce, kuma na riƙe ta daki-daki, don ita ce rana ta ƙarshe da gidanmu ya yi kama da kowane gida.

Ƙarfe shida ɗana ya sha shayi a tsaye. Shekararsa talatin da huɗu, ban tuna ranar da ya ƙarasa kofi a zaune ba. Tun yana rarrafe babansa ya laƙaba masa Zumbur, don da an ajiye shi sai ya miƙe.

Ƙarfe bakwai ya tafi shagonsa, inda yake gyaran firji da fanka. Ya yi shekara biyu a jami'a ya baro, wai kujerun wurin suna cizo. Ni da na shekara talatin ina koyar da ilimin sinadarai, na daɗe ban yafe masa wannan ba.

Ƙarfe goma na sayo sabuwar tsintsiya, na ɗaura mata jan zare a gindi. Shekara uku ke nan tsintsiya ba ta zama a gidana, shi ya sa nake yi musu alama. Maƙwabciyata nake zargi. Babansu kuwa cewa yake aljanin gidan ne mai tsafta.

Ƙarfe ɗaya Zumbur ya dawo cin abinci. Yana tsakiyar ci ya ji fankar falo tana ƙara, ya taka kujera da cokali a baki.

Ƙarfe uku ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai biyar. Yana ɗaukewa Zumbur ya kifa kekensa a baranda, yana wanke sarƙar da tsohon burushin haƙori.

Na ce, "Gobe ma dam ɗin?"

"Gobe ma, Umma."

"Me ka ajiye a can? Kilomita sittin, ka zagaya ruwa ka dawo inda ka tashi. Ko jaki in ya fita da kaya yake dawowa."

"Ai jaki ba shi da giya ashirin da biyu."

Daga falo babansa ya ɗaga murya, "Wace giya kuma ake ambato a gidana ranar Juma'a?"

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce, "Kai dai tun da aka haife ka ban ga abin da ka fara ka gama ba." Ya murza feda da hannu, tayar ta yi ta juyi. Maganar da na yi masa ta ƙarshe ke nan mai tsawo.

Asabar da asuba ya fita. Da na zo shara, tsintsiyar jiya babu ita. Ina tsaye ina hararar katangar maƙwabciya wayar babansu ta yi ƙara.

Wani direban motar katako ne ya same shi a gefen kwalta, a kwana ta biyar ta gangaren da ke sauka zuwa madatsar ruwa. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Keken kuwa yana jingine da bishiya, hular kwanonsa tana rataye a kan keken.

Wannan jinginar ce ta hana ni zama. Akwai ɗan agogo a kan keken mai ƙirga tafiya, ya nuna tayar ta daina juyi ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu. Direban ya ce shi takwas saura goma ya iso. Minti talatin da takwas. Ba mai sauka daga keke a tsakiyar gangare sai da dalili, don haka na ce ciwo ya ji. In ciwo ne, wayarsa tana aljihu, me ya hana shi kirana? Amsar da nake ba kaina ita ce maganar da na yaɓa masa a baranda.

Sai na koma kamar Zumbur. Ina karɓar gaisuwa a tsaye, in shiga kicin in manta abin da ya kai ni, in fito baranda in taɓa sirdin keken, in koma. Babansu ya ce, "Malama, ki zauna don Allah. Zumbur ɗaya ya ishe mu." Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa, ya tashi ya shige ɗaki.

Yana da shekara ashirin da biyar ya fara hawan keken nan. Kafin nan ya taɓa kiwon zomo, ya taɓa koyon ɗinki, ya taɓa ɗaukar hoto, duk ya watsar. Keke kaɗai ya riƙe. Su shida ne, kowace Asabar su haura tuddai su ratsa kurmi su zagayo dam. Sau da yawa yakan so ya ba ni labarin hanyar, inda bishiyoyi suke haɗe kai su rufe sama, da inda ake hango ruwan a ƙasa kamar faranti. Nakan ce masa ina da aiki.

A kwana na tara da rasuwarsa babban abokin hawansa ya zo, wani tela da suke kira Dogo. Na ce ya kai ni wurin. Ya dubi babansu, babansu ya ɗauko makullin mota.

Hanyar siririya ce, tana hawa tana lanƙwasa, hagu dutse, dama rami. Dogo yana gaba yana ƙirga kwanoni da ƙarfi. A ta biyar muka tsaya. Shiru, sai kukan tsuntsaye da ƙamshin jiƙaƙƙen ganye. Ya nuna mini bishiyar, ya nuna mini inda aka same shi. Na auna, taku goma sha ɗaya ne.

A tsakanin biyun na ga tsakuwa an tara ta tsibi-tsibi a bakin kwalta, a jere. Tun ranar Juma'ar ba a sake ruwa ba, suna nan yadda aka bar su.

Na ce, "Wannan fa, masu gyaran hanya ne?"

Dogo ya juyo ya dube ni. "Umma, wai ba ki sani ba?"

Ya ja wuyan rigarsa ya nuna mini ƙashin kafaɗarsa, da wani kumburi a tsakiya. Shekara uku da suka wuce, ya ce, ruwa ya wanko tsakuwa daga kan tudu ya zube ta a wannan kwanar, shi kuwa ya shigo a guje, tayar ta zame. Zumbur ne ya riƙe masa kai har mota ta zo.

"Tun ranar, in dai an yi ruwa, sai ya riga mu fita da awa guda. Wai surutunmu ne ya ishe shi. Mu dai mu tarar da kwanoni fes. Har tsiya muke masa, muna ce masa Sarkin Shara. Ya ce in muka faɗa a gida sai ya sace mana iskar taya."

Ya miƙa dogon hannunsa cikin reshen bishiyar ya zaro wata tsintsiya da ta cinye saura gindi. Zaren ya koɗe, amma ƙullina ne. Sabuwar kuwa babansu ne ya hango ta cikin ciyawa, kusa da tsibin ƙarshe.

Na ƙirga tsibin, bakwai. Na ce Dogo ya watsa mini guda a kan kwalta yadda ruwa yake watsawa. Na cire agogona na ba babansu.

"Malama, me za ki yi?"

"Ka duba mini lokaci kawai."

Na duƙa na share. Tsakuwa ba ta bin tsintsiya kamar ƙura, sai an tura ta da ƙarfi. Da na tara ta ya ce minti shida da rabi. Na cire minti ɗaya da rabi, don shi ya fi ni ƙarfi kuma ya saba. Biyar sau bakwai, talatin da biyar.

Minti talatin da biyar yana tsaye yana aiki. Saura uku. Ban san abin da ya faru a cikinsu ba, kuma ba zan sani ba, amma uku zan iya ɗauka. Daga tsibin ƙarshe zuwa inda kwanar ta miƙe bai fi taku huɗu ba, tsakuwar tana nan a warwatse. Na ƙarasa masa. Sannan na zauna a kan wani dutse, na daɗe a zaune.

Washegari na shiga gidan maƙwabciyata na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haƙurin me, Malama?" Ashe ba ta ma san ina zarginta ba. Sai da na yi mata bayani tun daga farko, muka yi dariya, muka yi kuka.

Kayansa ba su da yawa. Tufafin ƙannen babansa suka raba. Kayan aikin shago mun bar wa wanda suke gyara tare. Keken ya yi wa Dogo kaɗan, sai ya kai wa wata ma'aikaciyar jinya da suke hawa tare, wadda tsayinta ya zo daidai, ba a ko taɓa sirdin ba. Burushin haƙorin na ajiye a cikin durowata. Tsintsiyoyin kuwa Dogo ya bi hanyar ya ƙirga, goma sha ɗaya ne, kowace a reshenta. Na ce a bar su inda suke. Huɗu sun cinye, na sayo sababbi, na ɗaura musu jan zare, ya tafi da su ranar Asabar.