Bosan Ya Samu Tudu

Da safen nan ina tsaka da karyawa aka bugo min, wai Malam Iro Bosan ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da na fara tambaya shi ne a ina. Aka ce a ɗakinsa na Ƙofar Jatau. Na kaɗu, amma wannan amsar ta kwantar min da hankali.

Maƙwabcina ne. A jirgin ruwan dakon kaya ya yi aiki daga Legas, har ya kai bosan, wato shugaban ma'aikatan saman jirgi. Ya dawo Zariya a ƙarshen shekarun tamanin, garin da ruwanmu bai wuce rafin Kubanni ba.

Ya bar jirgi, amma bakinsa bai bari ba. Madafi a wurinsa gali ne, ɗaki kuwa kabin. In ka goya shi a babur ba zai ce hagu ko dama ba, sai fot da sitabod. Mun taɓa faɗawa kwata a Limancin Kona saboda haka, ya kuma ce laifina ne.

Da na fara odar kekunan ɗinki, shi ya zaunar da ni a zaurensa ya raba min FOB da CIF. Na farko, da kaya sun hau jirgi ɗawainiyarsu ta dawo kanka. Na biyu, har da dako da inshora a ciki. Ko goro bai karɓa ba. Faɗa dai na sha.

Sau ɗaya ya gaya min abin da ya raba shi da aikin. Wani abokin aikinsa, Musa, ya rasu a tsakiyar teku, tudu da nisa. Su suka yi masa wanka da salla, suka ɗaura masa ƙarfe suka saka shi a ruwa. Da jirgin ya tsaya tashar Apapa a Legas sai ya ajiye aiki. Tun daga ranar burinsa ɗaya, a rufe shi a ƙasa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan babbar salla ce, lokacin yana fama da rashin lafiya. Ɗansa Aminu ya matsa zai kai shi asibiti a Legas. Ya ce min, "Malam Sani, ka ce wa yaron nan ya ƙyale ni. Can in aka haƙa kabari ruwa ake tararwa. Ni na gama da ruwa."

Ni ina ganin ya kamata ya je, na kuma gaya masa. Sai ya ce likita ETA kawai yake bayarwa, ƙiyasin lokacin isa tasha. ATA kuwa, ainihin lokacin, ba a rubuta shi sai jirgi ya riga ya tsaya.

Na kira Aminu. Bai ji daɗi ba, amma ya haƙura.

Za a yi jana'iza bayan azahar, a kai shi bayan ganuwa kusa da iyayensa. Ƙasar wurin sai da diga ake haƙa ta.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba Aminu da ƙannensa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da Musa, shi bai samu kabarin da za a ziyarta ba.