Geron da Na Rufe da Ɗanyensa

A shekarar da abin ya faru ni manomi ne kawai a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari. Sai yanzu da furfura ta fito nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa na iya rubuto muku wannan da hannuna. An san ni da haƙuri, har abokai kan tsokane ni wai ko gobara ta tashi sai na ƙarasa alwala.

Damina ta yi kyau, gero ya cika ido, yara suna ta gasa tumu. Sai labari ya riƙa zuwa daga kasuwa cewa 'yan bindiga sun hana wasu ƙauyuka girbi, wasu ma an ƙone musu amfani a gona. Hankalina ya tashi. Na girbe gerona tun ƙwayar ba ta yi tauri ba, na ɗaure dammuna a ranar, na jibge a rumbu, na liƙe bakinsa da laka. Maiɗakina ta roƙe ni in bari ya sha rana ko a tsakar gida ne, na ce mata abin da aka shanya kowa na ganinsa. 

'Yan bindigar ba su zo garinmu ba. Ƙauyen da ƙanwata ke aure suka tasa, ta iso mana da 'ya'yanta da ƙullin kaya a ka. Na ce ta kwantar da hankalinta, rumbun yayanta a cike yake. Muka cinye 'yar dawar da ke ɗaka, da bazara na fasa rumbun. Zafi ne ya fara bugun fuskata, sannan wari. Zangarniyoyin sun yi baƙi, sun manne da juna, ko kaji sun ƙi kusantar su. Ƙanwata tana tsaye da ƙwarya a hannu. Sai ta kife ƙwaryar a ƙasa.

Kwaɗon tafasa da ƙodago a lambunan albasa suka kai mu kaka. Ita kuwa ta kwashe yaranta ta tafi birni, ta ce ba za ta iya kallon 'ya'yana suna rage loma saboda nata ba. Har yau ba ta dawo ba.

'Yan'uwana manoma, tsoron nan gaskiya ne, ban ga laifin kowa ba. Amma in dole ta sa ku girbi da wuri, ku ba hatsi haƙƙinsa na rana. Ni dai ba wanda ya ɗora mini bindiga, da hannuna na liƙe rumbun.