Ranar da na yi wa abokina tafinta

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su sauka daga mulki ba, ina ƙaramin akawu a wata kotun majistare a Kaduna. Ban daɗe da gama makarantar midil ba. Ina da farin wando ɗaya da nake wankewa kullum, da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗayan ma ba ya rubutu. A Makera nake haya, kuma a duk layinmu ni ake kawo wa takarda in ta zo da Turanci. Wannan ya sa na ɗauki kaina wani abu. Ko gaisuwa zan yi sai na jefa kalmar Turanci a ciki.

Ɗakin da ke kusa da nawa na abokina ne, magini. Garinmu ɗaya, ya girme ni da 'yan shekaru, shi ma ya samo mini ɗakin lokacin da na zo. Yana da mata da 'yarsu ƙarama. Mutum ne marar yawan magana, siminti duk ya cinye masa tafin hannu. Malam Akawu yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana.

A damanar wannan shekarar yana aiki wurin wani ɗan kwangila da ke gina babban sito a Kakuri, kusa da layin dogo. Bangon gabas ya tsage tun ba a ɗora kwano ba. Abokina ya gaya masa tushen ne ya zauna, sai an rushe an sake. Mutumin ya ce shi ba shi da wannan lokacin. Da yake ma'aikatansa ba sa karatu, da jan fenti yake ba da umarni a jikin gini. In ya zana gicciye, a rushe ke nan. In ya yi da'ira ya sa hannu a ƙasanta, a yi filasta. Ya zagaye tsagar da jan fenti, ya sa hannunsa, ya ce in abokina ba zai yi ba akwai magina a bakin ƙofa suna jiran aiki. Abokina ya yi filastar.

Bayan kamar sati biyu aka yi ruwa mai ƙarfi da azahar. Leburori suka fake a wata rumfa da aka jingina da bangon, tare da wata mata mai sayar musu da abinci. Saman bangon ya zubo a kansu. Matar ta rasu nan take, lebura ɗaya ya cika a hanyar asibiti. Ƙasan bangon kuwa, inda alamar take, yana tsaye bai faɗi ba.

Ɗan kwangilar ya gaya wa 'yan sanda cewa shi gicciye ya zana, maginin ne ya kankare alamar don ƙyuyar aiki. Leburorin da suka ga yadda aka yi suka watse, kowa na tsoron a kama shi. Aka kama abokina.

Ranar shari'a tafintan kotu ba shi da lafiya. Ni na miƙe na ce zan iya, ban kuma gaya wa kowa cewa wanda ake tuhuma abokina ba ne. A raina cewa nake Allah ne ya kawo ni, yau Turancina zai fid da shi. Da ya gan ni tsaye kusa da shi har ya ɗan yi murmushi.

Majistaren Bature ne. Ya ce in tambayi abokina ina alamar da aka sa a bangon. Abokina ya ce, "Alamar filasta ya zana, da sa hannunsa a ƙasa. Ni kuma na shafe ta."

A bakin magini, shafe na nufin a bi abu da siminti a rufe. Ni kuwa shafen da na sani shi ne na allon makaranta. Ban ko tsaya tunani ba na ce erase, da murya mai ƙarfi, ina jin daɗin yadda kalmar ta fito. Lauyan ɗan kwangilar ya ɗago kai da sauri. Majistare ya cire tabarau, ya ce in sake tambaya ko da hannunsa ya yi.

"Kai ka shafe da hannunka?"

"Ni na shafe, Malam Akawu. Ai aikina ne."

Na mayar da Turanci da wannan kalmar dai. Daga nan shari'ar ba ta ja ba. Majistare ya ce mutumin da ya amsa da bakinsa ya ɓatar da shaida ba zai dawo ya gaya wa kotu abin da shaidar ta ƙunsa ba. Ya yanke masa shekara uku. Ni na fassara masa hukuncin ma.

Ran Lahadi da yamma na tafi Kakuri wurin babban akawunmu, wani dattijon Ibo da ya daɗe a Arewa, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na je ne in yi ƙorafi a kan zaluncin Bature. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in faɗa masa daidai abin da maginin ya ce da Hausa. Na faɗa. Ya tambaye ni kankarewa ya yi, ko siminti ya ɗora a kai. Na ce siminti mana.

Ya ɗauko fensir ya yi rubutu biyu a bayan wata ambulan. Na farko ya goge shi da roba har takardar ta kusa hujewa. Na biyun ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Wannan shi ne erase," in ji shi, "ya tafi, babu shi. Wannan na ƙarƙashin hannuna shi ne conceal. Yana nan, in na ɗaga hannu za ka gani. Da wannan ka faɗa, da majistare ya tura an ɓare filastar."

Na ce, "Oga, bangon yana nan tsaye." Ya ce to gobe da sassafe in shiga ofishin majistare in gaya masa na yi kuskure, shi zai raka ni har ƙofa, amma maganar dole daga bakina za ta fito.

Nan ne wurin da ya fi mini wuyar faɗa. Litinin na je aiki ban shiga ba. Na san in na buɗe baki za a gane abokina ne, kuma za a kore ni. Na tuna mahaifiyata a gida da ke gaya wa kowa ɗanta na aiki da Turawa. Talata na rubuta takarda na yaga. Laraba na riƙa kauce wa idon dattijon nan, ina nuna aiki ya yi mini yawa. Sai ran Alhamis na yanke shawara, na ce bari in fara biyawa ta Kakuri in tabbatar da idona.

Na tarar da fili. An rushe sauran bangon tun ran Talata, an kwashe ɓaraguzan an cike ramukan hanyar da motocin kaya ke bi. Na jingine kekena na shiga taɓo da farin wandon nan, ina juya gutsattsarin bulo. Na sami biyu da jan fenti a jikinsu, kowanne bai kai tafin hannu ba. Ba mai iya cewa da'ira ce ko gicciye. Na kai wa babban akawu. Ya juya su, ya miƙo mini, ya ce yanzu ko na yi magana ba abin da za a duba. Daga ranar bai sake hira da ni ba, sai maganar aiki.

Matar abokina ta koma garinmu da 'yarsu. Ranar da za ta tafi har godiya ta yi mini, wai ta ji irin ƙoƙarin da na yi a kotu. Na karɓi godiyar, na ɗora mata kaya a mota.

Da abokina ya fito daga kurkuku, ya dawo Makera da tari, ya rame ƙwarai, ba ya iya ɗaga bulo. Na saukar da shi a ɗakina. Kwana uku ina neman bakin magana. Wata safiya bayan mun sha koko na gaya masa duka, da kalmar, da kwanakin da na yi shiru.

"Kalmar ba ka sani ba," ya ce. "Kwana huɗun nan kuwa ka sani. Ni ma na san bangon nan ba zai tsaya ba, na ɗauki cokalin gini na yi masa filasta saboda kar a kore ni. Matar nan mai abinci da bangon ya faɗa wa, kullum sai ta ƙara mini miya."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban iya roƙonsa ba. Washegari ya ce in sa shi a jirgin ƙasa zai koma wurin iyalinsa. Kafin damina ta zagayo aka aiko mini ya rasu.

Na yi shekaru da yawa ina tafinta bayan wannan, kuma ban sake mayar da maganar mutum ba sai na tambaye shi me yake nufi, ko da alƙali zai yi fushi. Wannan darasin mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne na kwanakin nan, don ba ƙarancin Turanci ne ya hana ni shiga ofishin ba. 'Yarsa tana raye, ta yi jikoki. Duk sallah takan aiko a gaishe ni, tana ce mini Baba. Har yau ban gaya mata ba.