Mai Tona Ƙarshen Labari

A layin jiran bas, wani tela ya zuba wa wani dattijo ido. Siriri ne, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare, ga littattafai a hammata duk sun sha hannu. Yana yaba ɗaya ga matar da ke gabansa kamar shi ya haife shi.

"Baiwar Allah, karanta wannan. Mutane ne suka yi ƙaura zuwa duniyar wata. Ashe matuƙin jirginsu ba mutum ba ne, inji ne..."

Sai ya dafe baki.

"Kin gani ko? Na sake! Haka na kori 'ya'yana daga karatu. Mai ɗakina ma ta hana ni zama in ana kallon fim."

Tela na murmushi, yana raya gidan mutumin a ransa: littattafai har rufi, ba mai taɓawa sai shi.

Dattijon ya miƙo masa wani littafin, na labarin kisan kai, yana cije leɓe. "Ɗana, karɓi ka yi nesa da ni, maza!"

Tela ya karɓa ya faɗa bas. Ta taga ya jiyo muryarsa:

"Kada ka zargi ƙanin, matar ce!"